Muhawara: Idan annoba ta zo, sai an jefa ƙuri'a kafin a ba da magani?

Mai Kemis: Ni fa ban yarda ba. Mutane suna mutuwa, a ce likita ya tsaya raba marasa lafiya gida biyu ta hanyar ƙuri'a? Lokacin korona da idona na ga waɗanda suka sha kulorokwin sun warke.

Anti Nas: Malam, waɗanda ba su sha ba ma yawancinsu sun miƙe. To da me za ka gane aikin maganin ne?

Baba Likita: Ɗana, ka duba inda maganar ta faro. A watan Maris na 2020 wani likita, Didier Raoult, na birnin Marsel a Faransa ya fitar da bincike kan hydroxychloroquine, wani magani ɗan'uwan kulorokwin, a kan masu korona. Mutum 26 aka ba maganin, 16 ba a ba su ba, kuma ba ƙuri'a ce ta raba su ba. Sannan aka cire shida daga lissafin waɗanda suka sha: uku an kai su sashen kulawa ta musamman, ɗaya ya rasu, ɗaya ya bar asibiti, ɗaya ya daina saboda tashin zuciya. Ka fitar da waɗanda jikinsu ya tsananta, ai dole sauran su yi kyau a takarda. Wannan ya fi komai ci min rai. Sai a Disamban 2024 mujallar da ta buga binciken ta janye shi.

Mai Kemis: Amma Baba, hana mutum magani don a gwada, ba zalunci ba ne?

Anti Nas: Ba a hana kowa kulawa, Malam. Duk suna samun jinyar da aka saba, ƙari kawai ake gwadawa.

Baba Likita: Haka gwajin RECOVERY na Jami'ar Oksfod ya yi a Birtaniya. Kwamfuta ce ke raba mutane. Sama da 1,500 suka sha hydroxychloroquine, aka kwatanta su da sama da 3,000 da ba su sha ba, kuma a Yunin 2020 aka ga bai rage mutuwa ba. A watan nan ne kuma gwajin ya nuna dexamethasone, wani magani mai arha, yana rage mutuwar masu numfashi da na'ura da kusan kashi ɗaya cikin uku. Wata uku kacal aka ɗauka.

Mai Kemis: Wata uku na da yawa ga wanda mahaifinsa ke kwance, Baba. Wannan kam har yanzu yana damuna.

Anti Nas: Ni ma yana damuna, Malam, don na tsaya a kan gadajen nan. Amma dexamethasone ɗin yana cikin kantarka tun kafin korona, kuma ba wanda ya zo layi a kansa.