A sayi inji ko a gyara wanda ke cikin motar?

Masu motoci da bakanikai sun tattauna wannan, kuma abin da suka fi haɗuwa a kai shi ne a buɗe injin tukuna kafin a yanke shawara. Idan bulok (gangar jikin injin) bai tsage ba, kuma kiranshaf (sandar ƙarfen da fistan ke juyawa) bai cinye sosai ba, canza ringi (zoben fistan) da mital (ƙarafan da kiranshaf ke juyawa a kansu) da gaskit ya fi sauƙin kuɗi. Amma fa sai an kai bulok wajen masu injin gyaran silinda sun auna. Nan ne masu gyara da kansu suka fi faɗuwa: su zuba sabon ringi cikin silindar da ta riga ta buɗe, mota ta ci gaba da hayaƙi da shan baƙin mai.

A Amurka, Chevrolet da Ford suna sayar da sabon inji cikin akwati tare da garanti. Mu abin da muke samu a kasuwannin kayan mota na Ƙofar Ruwa a Kano ko Ladipo a Legas galibi ɗan Beljiyam ne, wanda ba a san tarihinsa ba. Shi ya sa na fi yarda da masu cewa a je da bakanike, a duba lambar inji, a yi yarjejeniyar kwanakin gwaji a rubuce. A kuma gyara lagireto, don zafin da ya kashe tsohon inji zai kashe sabon.