Rodi ya ƙi hudawa, ku taimaka da shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman maƙera da masu walda. Yau kwana uku ina fama da wani guntun rodi mai kaurin milimita 12, wanda zan yi wa baron ɗana sandar da taya ke juyawa a kanta. Rami ɗaya nake so in huda a gefensa, na milimita 3, inda zan zura ƙusar da za ta hana taya fita.

Diril na hannu nake da shi, irin wanda ake juyawa. Da na ɗora bakin a kan rodin sai ya zame, saboda gefen a kewaye yake. Na goge wurin da zarto ya ɗan baje, na buga masa alama da ƙusar kankare, na matse shi tsakanin katako biyu. Ya fara ci kamar milimita 2, garin ƙarfe na fitowa, daga nan ya tsaya cak. Baki biyu na karya, na ukun ya yi zafi har ya koma shuɗi, duk da ina ɗiga baƙin mai.

Wani ya ce in gasa rodin a garwashi ya yi ja, in binne shi a toka ya huce a hankali don ya yi taushi. Hakan ba zai sa ya lanƙwashe ba idan aka ɗora kaya? Ko akwai bakin da ya fi dacewa in nema? Allah ya saka da alheri.