Me za mu kira shat ɗin da ta zama doguwar riga?

1/ 'Yan uwa, ku taya ni. Ina rubutu kan yadda ake saka wasu riguna biyu na mata, sai na cije a kan suna. Turawa na ce musu "shat dires" da "ti-shat dires". Na rubuta hakan sau uku, duk lokacin da na karanta a fili sai in ji kamar tsakuwa a baki. Zan jero sunayen da na gwada da waɗanda aka ba ni, mu ga wanda zai tsira.

2/ Bari mu fara sanin abin da za mu raɗa wa suna. Ta farko shat ce sak, irin ta maza: ga kwala, ga jerin maɓallai a gaba, ga hannu mai maɓalli a wuyan hannu, wani lokaci har da aljihu a ƙirji. Sai dai ba ta tsaya a ƙugu ba, ta zarce zuwa gwiwa, ko ƙwauri, ko idon sawu. Yadinta saƙaƙƙe ne marar talewa, auduga ko lilin ko yadin jins, shi ya sa take son guga. Ta yi tashe sosai a shekarun 1950, bayan mai zanen tufafi Christian Dior ya fito da sabon salonsa a Faransa a 1947, mai matsattsen ƙugu da buɗaɗɗen ƙasa. A 1972 kuma Halston, wani mai zanen tufafi na Amurka, ya fitar da tasa miƙaƙƙiya, ta samu kasuwa ƙwarai.

3/ Ta biyu ti-shat ce da aka ƙara wa tsawo. Ba kwala, ba maɓalli, wuya zagaye, ta kai ake zura ta. Yadinta mai talewa ne. Ita ti-shat asalinta rigar ciki ce, sojojin ruwan Amurka sun fara raba wa dakarunsu ita wajen 1913, kuma sunan ya samo asali ne daga siffarta: ka shimfiɗa ta a ƙasa, jiki da hannuwa su ba ka harafin T.

4/ Sunan farko da ya zo mini shi ne "rigar shat". Ya faɗi nan take, domin da wannan sunan muke kiran shat ɗin da ake sawa da wando ko siket. Ki ce wa tela ya ɗinka miki rigar shat, wallahi a ƙugu zai tsayar miki da ita, kuma ba ki da bakin yi masa faɗa.

5/ Wata 'yar uwa ta ce tunda Faransawa daga kalmarsu ta "shemis", wato shat, suke kiran ta farkon, mu ce "doguwar shimi". Yaya, ki yi haƙuri, nan kam ban bi ki ba. Shimi a bakinmu kayan ciki ne. Ka rubuta cewa wance ta je ofis da doguwar shimi, ka ga yadda za a fassara ka.

6/ "Doguwar riga mai maɓalli" fa? Bayani ne mai kyau, amma ya yi tsawo, kuma ya yi faɗi da yawa. Duk doguwar rigar da aka jera wa maɓallai ta shiga ciki, alhali abin da ya sa wannan ta zama ita shi ne kwala da yankan kafaɗa da hannu irin na shat. "Mai kwala" ya fi kusa, sai dai akwai masu ɗan tsayayyen wuya marar ninki, su ma 'yan gidan ne.

7/ Wanda ya fi kwanta mini a rai, kuma na sake shi da ƙyar, shi ne "doguwar taguwa". Wani malami ne ya kawo shi, Allah ya ƙara sani. Taguwa tamu ce tun kafin shat ta shigo, kuma tana da daɗin faɗa. Matsalar biyu ce. Yara da yawa yanzu ba su san ta a matsayin riga ba, waɗanda suka san kalmar kuma raƙuma ce ke faɗo musu. Na gwada ta a kan mutum huɗu, biyu suka yi dariya, ɗaya ta tambaye ni ko tana da tozo. Sannan taguwa ba ta nuna kwala ko maɓalli, don haka ba za ta raba mana rigunan biyu ba.

8/ Inda na tsaya: doguwar shat, da doguwar ti-shat. Jam'i, dogayen shat.

9/ Na san abin da za a ce: ai wasu ko gwiwa ba su kai ba, ina tsawon? Amsata ita ce "doguwar riga" ta daɗe da daina zama awo a Hausa. Tana nufin riga guda ɗaya da ta wadatar, ba sai an haɗa ta da siket ba. Doguwar shat na hawa kan wannan ma'anar ne, ko ta 'yar yarinya ce mai kamu biyu.

10/ Gwajin suna shi ne a sa shi aiki, to ga shi. Doguwar shat idan ta yi miki yawa, ɗaure ta da siririn bel a ƙugu, ki ɗan ja yadin sama ya zubo kan bel ɗin. Ki naɗe hannun zuwa gwiwar hannu, ta sauka daga kayan ofis ta koma na yawo. Ko ki ɓalle maɓallan duka, ki ɗora ta kan wando da ƙaramar riga, ta zama kamar doguwar jaket. Abin lura ɗaya: in maɓallan ƙirji suna hangame baki, rigar ta yi miki kaɗan, fil ba zai rufa asiri ba, ki nemi ta gaba da ita a girma. Af, ga wani abu: a ɗinkin mata maɓallan na gefen hagu, a na maza suna dama. In kika ari shat ɗin yayanki mai girma kika mai da ita doguwa, yatsunki ne za su fara gaya miki.

11/ Doguwar ti-shat ba ta da wannan dogon labari. Ki nemi mai kaurin yadi, domin marar kauri tana bin jiki tana nuna shatin duk abin da ke ciki. Kambas ko sandal, jaket ɗin jins a sama ko a ɗaure a ƙugu, shi ke nan. Kada a rataye ta a hanga, kafaɗar na talewa ta yi ƙaho, a ninke ta. Masu cewa "doguwar singileti" ku bari, singileti ba ta da hannu, harafin T ɗin ya tafi ke nan.

12/ Saura ɗaya da ta ƙi shiga ko'ina: mai kwala da maɓalli biyu ko uku a wuya, amma yadinta mai talewa, irin rigar wasan tanis da kamfanin Lacoste ya fara sayarwa a 1933. Kwalarta ta shat, jikinta na ti-shat. A rubutun da zan fitar na sa mata "doguwar polo". Mai sunan da ya fi wannan ya ajiye mini a ƙasa kafin Alhamis, ranar zan miƙa aikin.