Wai mi ya sa in ka soki ɗan siyasa sai a ɗauka ka yi saɓo?

Ɗan Mabera:
Salamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni, kuma don Allah kar wani ya ce wata jam'iyya nika yi ma aiki. Mi ya sa a garinga in ka ce gwamna ko sanata ya yi kuskure sai yaranshi su taso maka kamar ka taɓa addini? Jiya wurin mai shayi wani yaro yac ce ko wuta ubangidanshi zai shiga sai ya bi shi, aka ce kai yi istigfari, yac ce ai shi ya sai mai babur. Ga masu rubuta "bayan Allah sai kai" ƙarƙashin hoton oga a Facebook. So ne ya kai haka ko yunwa ce?

Almajirin Hubbare:
Wa alaikumus salam. Wanga yaro a ja shi gefe a yi mai nasiha, maganar ta yi nauyi. Fir'auna bai tashi rana ɗaya yac ce ni ne ubangijinku maɗaukaki ba, sai da ya samu mutanen da duk abin da ya faɗi su ce haka ne ranka ya daɗe. Sayyadina Abubakar kuwa ranar da aka yi mai mubaya'a cewa ya yi in na yi daidai ku taimake ni, in na kauce ku gyara ni. Kuma mu Sakkwatawa ya kamata mu fi kowa jin kunya, don cikin abubuwan da Shehu Usmanu ya soki sarakunan zamaninshi da su har da zuba ƙasa a ka wurin gaisuwa. Yau ga jikokin almajiranshi suna rarrafe gaban jif.

Baban Khalifa:
Ni ba ma ta wajen addini zan duba ba, asarar da muka yi zan faɗa. 2011 bayan zaɓen shugaban ƙasa sama da mutum 800 aka kashe a arewa cikin kwana uku, kuma ba ɗan ɗan takara ko guda cikinsu. 2012 da Jonathan ya ƙara kuɗin mai daga naira 65 kowa ya fito titi, amma 2016 da aka tashi daga 87 zuwa 145 sai muka yi tsit, wai Baba Buhari ya san abin da yake yi, wanda ya buɗe baki a ce ɗan PDP ne ko an saye shi. Haka aka tafi har ɓarayin daji suka addabi Sabon Birni da Isa da Rabah, aka shiga kasuwar Goronyo a 2021 aka kashe mutane ranar kasuwa, kuma har lokacin akwai masu cewa ai ba laifinshi ba ne na kusa da shi ne ba su gaya mai. To wa zai gaya mai tunda mun mai da gaya mai gaskiya laifi?

Sarkin Yaƙin Oga:
Ku dai kuna da bakin magana don cikinku cike yake. Lokacin da tsohuwata ta kwanta asibiti duk 'yan bokon nan ba wanda ya ba ni ko sisi, mutumin da kuke cewa ina bauta ma shi ya biya kuɗin aiki. Ku kira shi abin da kuka ga dama, ni halacci nika kiranshi.

Maman Nana Arkilla:
Allah ya ƙara ma mama lafiya ƙanena, kuma ba wanda yac ce kar ka gode. Amma ka tambayi kanka mi ya sa sai ka je ƙofar gidan wani ka yi zaman jira tun hantsi kafin a duba mahaifiyarka, ina kuɗin da ake ware ma lafiya duk shekara? Sannan su fa ba su riƙe juna yadda kuke riƙe su. Wamakko mataimakin Bafarawa ne kafin su raba gari. Tambuwal ya bar PDP a 2014 ya koma a 2018. Ahmad Aliyu mataimakin Tambuwal ne da. Gobe ka gansu sahu ɗaya wurin ɗaurin aure suna dariya, mu kuma unguwarmu akwai wa da ƙane uwa ɗaya uba ɗaya da har yau ba su gaisawa saboda zaɓen 2019.

Baban Khalifa:
Hajiya kin gama magana. Shi kanshi shugaban cutarshi aka yi. Mobutu a Zayar har a talabijin ake nuna shi yana saukowa daga gajimare kafin labarai, 1997 ya gudu ya mutu a Maroko. Nan gida 1998 jam'iyyu biyar duk suka ce Abacha kaɗai ne ɗan takararsu, yana rasuwa a watan Yuni masu kirarin suka nemi wata inuwa.

Sarkin Yaƙin Oga:
To naji. Amma Hajiya in ciwon ya tashi cikin dare lambar wa zan kira, taki?