Abin da 'yan fim masu tasowa za su koya daga Hadiza Gabon

A hirar da muka yi kan Hadiza Aliyu Gabon, wadda aka haifa a Libreville, babban birnin ƙasar Gabon, ta shigo Kannywood a 2009, shawarar da ta fi yawa ita ce kada jaruma ta bari a ɗaure ta da rawa ɗaya. Hadiza ta fito a 'yar ƙauye mai ban dariya, ta fito a matar aure mai haƙuri, ta kuma fito a masifaffiya, kowacce da irin tafiyarta da ɗaurin ɗankwalinta.

Wata dattijuwa a cikinmu ta ce a lura da idon Hadiza lokacin da ba ta magana. Nan ne gwanintar take, domin kuka kowa na iya yi, amma shirun da zai sa mai kallo ya ajiye cokali sai wanda ya iya. Ni ma a nan na tsaya.

An kuma ja kunne kan harshe. Da Faransanci Hadiza ta taso, amma ta zage ta gyara Hausarta. Masu kallo kuwa, an roƙe su su daina zagin jaruma a kasuwa don ta fito a muguwar kishiya.