Me ya sa sojan Birtaniya suka yi nasara a Saliyo amma Helmand ta gagare su?

Ɗan_Fagge:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu bin tarihin yaƙi ku taimaka min, tun jiya abin nan yake min yawo a kai. Muna hira a majalisa bayan isha'i sai wani abokinmu ya dage wai babu kamar sojan Birtaniya wajen murƙushe 'yan tawaye, hujjarsa cikin 'yan watanni suka gama da na Saliyo a 2000. Ni kuma na ce to in haka ne me ya hana su gamawa da Taliban a lardin Helmand na Afganistan, shekara takwas fa suka yi a can daga 2006 zuwa 2014, sojansu 457 suka mutu a Afganistan gaba ɗaya, kuma a watan Agustan 2021 Taliban ta shigo Lashkar Gah, babban birnin lardin, ta karɓe kayanta. Sojan nan ai ƙasa ɗaya ce ta tura su duka wurare biyun, to ina aka samu bambancin? Makami ne ya yi kaɗan ko me?

MalamNaTarihi:
Wa alaikumus salam ƙanena. Makami yana ciki amma ba shi ne tushe ba. Tun kafin su sauka aka yi kuskuren farko. Gwamnan Helmand na lokacin Sher Mohammad Akhundzada an samu ofiyom wajen tan 9 a ofishinsa, ofiyom ɗin nan da ake tacewa a yi hirowin, sai Birtaniya ta matsa wa shugaban Afganistan na lokacin, Karzai, lamba ya cire shi a ƙarshen 2005. Mutumin ba na kirki ba ne, wannan ba musu, amma yana da dubban mayaƙa da yake ciyarwa, shi da bakinsa daga baya ya ce da ya rasa kujera ya sallami kusan 3,000 suka koma wajen Taliban. Ka ga tun ba a fara ba an ƙara wa abokin gaba ƙarfi.

Sannan sojan da aka turo a 2006 kusan 3,300 ne kawai, a lardin da ya fi kowanne girman ƙasa a Afganistan, kuma mafi yawansu ba masu fita fagen daga ba ne. Ministan tsaronsu John Reid har cewa ya yi zai ji daɗi in sun gama shekara uku sun fita ba su harba ko harsashi ɗaya ba, don a tunaninsu aikin gina ƙasa suka zo tsarewa. Da sabon gwamna ya roƙa a kare masa garuruwan arewa sai aka rarraba su 'yan kaɗan kaɗan a Sangin da Musa Qala da Now Zad da Kajaki, aka kewaye su ana luguden wuta dare da rana, su kuma ba su da mafita sai kiran jirgi ya yi ruwan bam, bam kuma bai san gidan ɗan Taliban da na mai shayi ba, kasuwa ta rushe mutane suka gudu, mutanen da aka ce an zo taimako su ne suka fara tsanarsu.

Abin da ya fi damuna ni shi ne ba su san rigimar da suka faɗa ciki ba. A Sangin akwai tsohuwar gaba tsakanin ƙabilar Alikozai da Ishaqzai a kan mulki da kuɗin ofiyom. Mutum zai zo ya ce wa baturen soja wancan gidan na Taliban ne alhali rigimar gona ce ko ta ruwan ban ruwa tsakaninsu, a je a kai samame, gobe dangin wancan gaba ɗaya sun ɗauki bindiga. 'Yan sandan da suke mara wa baya kuma su ne masu karɓar na goro a shingen hanya suna cin zalin talaka. Kuma duk wata shida ake canja birged, sabon kwamanda ya zo da sabon tsari, kafin ya gane wa ye wa lokacinsa ya cika. A Sangin kaɗai sojansu sama da 100 suka mutu kafin su miƙa wa Amurka garin a 2010.

TsohonSoja98:
Malam Allah ya ƙara ilimi, amma bari na yi gyara a kan maganar Saliyo don ni da ƙafata na taka ƙasar nan a ƙarƙashin ECOMOG, wato rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma, kuma wallahi raina yana ɓaci in na ji ana cewa Turawa ne suka gama yaƙin su kaɗai. Mu ne muka kori sojojin juyin mulki daga Freetown a Fabrairun 1998, shugaban ƙasar Tejan Kabbah ya dawo kujerarsa a watan Maris, mu ne kuma muka tsaya a Janairun 1999 lokacin da 'yan tawaye suka shigo gari suna yanke wa mutane hannu. Akwai yaranmu da muka binne a can har yau iyayensu ba su ga kabarinsu ba. Su Birtaniya sai Mayun 2000 suka iso, bayan ƙungiyar 'yan tawaye ta RUF ta kama sojan Majalisar Ɗinkin Duniya kusan 500. Ban ce ba su yi aiki ba, sun yi, sun riƙe filin jirgin Lungi, sun horar da sojan ƙasar, kuma a Satumba sun ceto mutanensu daga hannun wasu 'yan bindiga da ake kira West Side Boys da asarar soja ɗaya. Amma sun tarar da RUF da jama'a suka gama tsinewa, ga shugaba zaɓaɓɓe da mutane ke so, ga sojan Gini suna dukan 'yan tawayen ta iyaka. A Helmand fa? Can mutane ba su manta yaƙin Maiwand na 1880 ba inda kakanninsu suka karya sojan Ingila, to ka zo da tuta iri ɗaya ka ce ka zo gina makaranta, wa zai yarda da kai.

Kuma ɗana ka lura, David Richards da ya jagoranci aikin Saliyo shi ne dai ya zama kwamandan sojan NATO a Afganistan a 2006. Mutum ɗaya ne, ƙasar ce ta bambanta.

Maman_Hanif:
Sannu Baba, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Ni dai abin da nake so a riƙa tunawa, kowa ya haddace 457 amma matan Helmand da yaransu da suka mutu a tsakiyar wutar nan ba a cika ambatonsu ba. Birtaniya da kanta ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin alƙali Haddon-Cave a kan zargin dakarunta na musamman sun kashe mutanen da ba su da makami a samamen dare tsakanin 2010 da 2013. Kuma manomi da aka ce za a lalata masa gonar ofiyom ba a ba shi wani abin da zai ciyar da iyali ba, ina ake so ya nufa?

Ɗan_Fagge:
Na gode ƙwarai, Baba a yi haƙuri ban san zurfin aikin ECOMOG haka ba. Malam to ayyukan raya ƙasar fa da ake ta faɗa, babu wanda ya tsaya?

MalamNaTarihi:
An gina makarantu da asibitoci da hanyoyi musamman kewayen Lashkar Gah da Nad Ali, kuma tsaro ya ɗan samu bayan 2010 da Amurka ta zubo dubban sojanta, Birtaniya ma ta kai wajen 9,500. Amma duba madatsar ruwa ta Kajaki. A 2008 sojoji dubbai suka raka wani ƙaton injin ba da wutar lantarki ta cikin hamada har suka kai shi lafiya, aka yi ta murna a jaridun Landan, sai ga shi siminti da sauran kayan da za a kafa shi ba su da hanyar isowa saboda Taliban ce ke riƙe da titin. Haka injin nan ya zauna a ƙasa cikin akwatuna, sai 2016 aka kunna shi, shekara biyu bayan sojan Birtaniya sun miƙa babban sansaninsu na Bastion sun tafi.