Musayar waƙa: masu ɗaukar mugun hali a fim

Ƴar Mokoyo:
Assalamu alaikum, marubutan Maraɗi. Na buɗe musayar wannan mako a kan Saratu Giɗaɗo, wato Daso, ƴar wasan fim ɗin Hausa wadda ta rasu a Kano ran 9 ga Afrilu 2024. Mai amsawa ya riƙe amsa-amona in ya so, ko ya zo da nashi.

Bismillahi na ɗauki alƙalamina,
Daso nake wa waƙa don tuna ta.

Ba ita ce amaryar da ake wa guɗa ba,
Ba a rera waƙar soyayya dominta.

Uwar miji ce, ko kishiya mai makirci,
Ko mai kwasar gulma ta kai wa maƙwabta.

In ta ɗaure ɗankwali ta kama ƙugu,
Gidan kallo ya yi tsit don jin faɗanta.

Harara guda, ta ja tsaki ta juya,
Amarya ta ɓarke da kuka a gabanta.

Mu ko a benci muna ta Allah wadai,
Gobe mu sake biyan kuɗi don mu gan ta.

Tun 2000 take cikin wannan sana'a,
Ƙarshen azumi ajali ya zo ya ɗauke ta.

Baba na Bagalam:
Allah ya ƙara basira, ɗiyata. Sai dai tun kafin kaset ɗin Kano su fara shigo mana ta Jibiya da Ɗan Isa, mu ma muna da tamu a nan Nijar, kuma yaran yanzu ba su san ta ba. Abin yana ci mini rai.

Ɗiyata, kin faɗi Daso, kin kyauta,
Ba ni fili in kawo miki yayarta.

Zalika Suley ce, ɗiyar birnin Yamai,
A 1947 anka yanke cibiyarta.

Mustafa Alasan ya fara sa ta a fim,
A 1966, tana cikin ƙuruciyarta.

Ta sa wando, ta hau doki a majigi,
Gari ya ɗauka, ana ta zunɗenta.

Umaru Ganda ya sa ta fito a kishiya a fim ɗin Wazzou,
Wadda zafin kishi ya sa kisa a wuyanta.

Fim ɗin ya ci kyautar Dokin Yennenga a Wagadugu,
A 1972, ƙasa ta ɗaga tutarta.

Kyauta ta tafi hannun mai fim,
Zagi a titi shi ya zamo rabonta.

Da sinimar ƙasarmu ta durƙushe,
Sai aikatau a waje don riƙon kanta.

Ran 27 ga Yuli 2021 ta cika,
Mu nawa munka san da jana'izarta?

A zamaninta, mace ta yarda a ɗauki hotonta ma magana ce, balle ta fito a muguwa. Mutane sun kasa raba ta da matar da suka gani a allo, har suka ƙaurace mata.

Hajiya ta Zariya:
Malam, Allah ya saka da alheri, na ƙaru da ku. Amma duk kun tsaya gefen ƴan wasa. Ni na sauya amsa-amo, don kukana daban ne.

Ku dakata, ni uwar miji ce a gidana,
Akwai abin da wasan nan ya jawo mini.

Ranar da anka kawo amaryar ɗana,
Ta duƙa gaisuwa, jiki na ɓari da ta gan ni.

Na dama mata fura da nono a ƙwarya,
Ta kai baki ta aje, tana tsoron magani.

Ta daɗe ba ta taɓa tuwon ɗakina,
Kaset ya riga ya faɗa mata wace ce ni.

Ba Daso nake tuhuma ba, Allah jiƙan ta,
Ta yi aikin da anka ba ta, har ta burge ni.

Masu rubuta labari nake wa tambaya,
Ina uwar miji ta kirki? Ku amsa ni.

Mai goyon jika, mai rufa wa suruka asiri,
Ko ba ta kawo kasuwa ne? Ku sanar da ni.

Ɗan Wasan Sabon Gari:
Inna, ina gaisuwa. Ni ɗan wasan kwaikwayo ne a nan gari, ga abin da na sani daga ciki.

Inna, kukanku na ji, yana da hujja,
Ga ta bakin ɗan wasa, ba na ƙarya.

Ni ma a dandali boka ake ba ni,
Ko ɗan caca, ko mai cin gadon maraya.

Jarumi ya sa shadda ya yi murmushi,
Ni sai na koyo muryar mugu da tafiya.

In babu mai cuta a cikin labari,
Wa zai zub da hawaye domin amarya?

Mu daddawa ne, a hannu a toshe hanci,
A cire mu a gani ko za a sha miya.

Ibro gandiroba ne kafin ya fara,
Ya aje kaki ya ba talaka dariya.

A Disamban 2014 ya bar mu,
Har yau yara na kwaikwayonsa a hanya.

Samanja soja ne tun kafin wasa,
Shi ya sa Hausar bariki ba ta ba shi wuya.

A 2023 shi ma ya amsa kira,
Kasimu Yero tun 2017 ya bar duniya.

Abin da Baba ya faɗa a kan Zalika bai wuce ba. Bayan wani wasa da na fito a boka, da ja da baƙin ƙyalle da layu har gwiwar hannu, mahaifin yarinyar da nake nema ya aiko unguwarmu a bincika ko ina salla. Har yanzu maganar tana rataye.

Hajiya ta Zariya:
Ɗana, ka ba ni tausayi, ka kuma gamsar da ni rabi.

Mugu ya zauna a fim, ban ce a kore shi ba,
Amma a sa mai kirki kusa da shi, don Rabbani.

Ka kai saƙona gun mai rubuta muku wasa,
In ya rasa mai fitowa, ya zo ya ɗauke ni.

Baba na Bagalam:
Yaro, wannan magana ba ta barin ta a rataye ba ce. Na ari amsa-amonka.

Ka same ni bayan la'asar ran Juma'a,
Ka zo da kawunka da goro a ƙwarya.

Limamin unguwarku ya san sahunka,
Mu biya mu ɗauke shi ya shaidi gaskiya.

Ni zan yi wa uban yarinya bayani,
Boka na dandali ne, kai ko kana da tarbiyya.